Falon da Ba a Shiga

Ranar da aka hau da fararen kujerun nan bene, matan gidan hayar kaf sai da suka leƙo suna yi wa Maman Tsigi barka. Ita ma bakinta ƙin rufuwa ya yi. Kujeru ne masu laushi kamar mutum ya kwana a kai, ga kafet ruwan madara wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa, ga teburin gilashi, ga labule har ƙasa. Tsigi, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba, ta taho da ɗan gudunta na 'yan koyo, hannu duk maiƙon bota, ta nufi babbar kujerar. Ubanta ya cafke ta a iska kamar wanda ya tare faranti zai faɗi.

"Ke, zo ki karɓi 'yarki."

Sai da masu dako suka sauka sannan uban, wanda kowa ke kira Manaja, ya yi wa matarsa bayani. Kayan ba nasu ba ne, na shagon kayan ɗakin da yake kula da shi ne. Shi ya kawo wa mai shagon shawarar a ƙawata falon gidansa, a riƙa ɗaukar hoto, a riƙa kawo manyan masu saye su ga yadda kaya ke zama a cikin gida na gaske. Wanda ya gani ya yaba ya saya, a kawo wasu, shi kuma a ba shi la'adarsa.

"Amma tabo ɗaya ya hau, kaya sun zama nawa, kuma ba ni da abin biya. Abu guda nake roƙon ki, tsafta. Ba kasuwa kike zuwa ba, ba ofis ba. Ki riƙe yarinya, ki riƙe gida. Wannan har wani aiki ne?"

"In sha Allahu ba za ka ga abin da ba ka so ba," in ji ta.

Da zuciya ɗaya ta faɗa, don ita ba ƙazama ba ce. Sai dai duk wanda ya taɓa shara da yarinya kamar Tsigi a bayansa ya san yadda abin yake. Ta share nan, Tsigi ta biyo da ɓurɓushin biskit. Ta ninke wanki, kafin ta juyo an baje shi ana neman wata riga mai hoton kyanwa. Ta goge tayil, sai ga sawun 'yan ƙafafu jere har ƙofar banɗaki. Ta gwada goya ta, yarinyar ta miƙo hannu ta baya ta damƙi labule. Ta gwada ba ta nata ɗan tsumman, ta tsoma shi a kofin shayi ta goge gilashin tebur da shi tana dariya, tana cewa, "Aiki! Aiki!" A kwanakin farko uwar ma dariyar take yi.

Dariyar ba ta jima ba. Manaja ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. In ya dawo da yamma ba ya amsa sannu da zuwa sai ya gama zagaye. Ya shafa yatsa a kan tebur ya ɗaga shi saitin taga. Ya shinshina labule. Ya kunna fitilar waya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujeru. Ita tana tsaye a bakin ƙofar ciki da ruwan sha a hannu, Tsigi na maƙale da zanenta tana kiran "Baba, Baba," ba mai kula ta.

Wata rana ya miƙe daga durƙuson ya dube ta.

"Wa ya shigo yau?"

"Ba kowa."

"Ki dai tuna."

Sai ta tuna. Matar direba, maƙwabciyarsu ta ƙasa, ta hau aron dutsen guga, da ɗanta a hannu. Ko zama ba ta yi ba.

"Au, matar direba ce ta zo karɓar..."

"Da kika ce ba kowa fa? Ashe har kin fara yi mini ƙarya a kan gidana."

Bayan kwana biyu ya ce, "Yau kin fita, ko? Ba sau ɗaya ba ma." Gaskiya ne, ta sauka zubar da shara, ta kuma sake sauka sayen sabulu. Amma wa ya gaya masa? Tun daga ranar ta fara kallon mutanen gidan da wani ido. Telan da shagonsa ke kallon matakala, me ya sa yake ɗago kai duk lokacin da ta wuce? Maigadi, wace hira ce yake tsayawa yi da Manaja da safe? Ta fi zargin matar direba, don ita ce mai yawan tambaya: yau ba ki leƙo ba, lafiya? Kin rame fa, ko Tsigi ce ke wahalar da ke? Maman Tsigi ta rage gaisuwa. In ta ji takun matar a matakala sai ta yi shiru, ta toshe wa yarinyar baki da nono har a gaji da ƙwanƙwasawa a koma.

Wata safiya ta mance ba ta ba shi abincin da zai tafi da shi ba, ta biyo shi falo da sauri. Ta same shi a durƙushe da ɗan burushi a hannu, yana taje gashin kafet ɗin gefe guda, yana ja da baya da baya har bakin ƙofar fita. Kafet ya kwanta luf, ko kyankyaso ya bi ta kai sai an ga sawunsa. Suka haɗa ido. Bai ji kunya ba.

"Mutumin da ba ya ɓoye komai, me zai dame shi da burushi?" Ya karɓi kular abincin ya fita.

Ta daɗe a tsaye. Ashe ba tela ba ne, ba maigadi ba ne, ba kuma baiwar Allahn nan da ta yi ta rufe wa ƙofa ba. Ta so ta sauka ta gaishe ta, amma ta dubi kafet ɗin da sai ta taka shi kafin ta kai ƙofa, ta koma ciki.

Daga nan sai ga tabo. Wani baƙi-baƙi ne kamar faɗin tafin hannu, can saman majinginar babbar kujera. Manaja ya gan shi da fitilarsa, ya ƙwala mata kira har Tsigi ta firgita ta saki fitsari a tsaye.

"Mene ne wannan?"

"Wallahi ban sani ba. Yau ko falon ba ta taka ba."

"To aljanu ne suka zo hira?"

Washegari ya ɗauko yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya Babba, don ta zo ta gani da idonta. Mace ce mai jiki da murya, ta aurar da 'ya'ya ta huta, ba abin da ta fi so kamar a kira ta gyaran gidan wani. Ta sa tabarau ta duƙa a kan tabon, ta murza, ta kai hanci.

"Hannun yaro ne wannan, ko tantama babu. Amarya, ke dai barci kike yi da rana, ko waya ce ta ɗauke miki hankali. Faɗi gaskiya, ba dukan ki za a yi ba."

Maman Tsigi ta dubi tabon, ta dubi ƙeyar mijinta. Daidai nan yake jingina kai in ya dawo yana kallon hotunan da ya ɗauka. Kuma ita ce ke wanke ɗan kwanon da yake kwaɓa baƙin rinin da yake ɓoye furfurarsa da shi duk ƙarshen mako. Ta tattaro ƙarfin halinta.

"Yaya, ni dai gani nake kamar maganin gashi ne. Wurin ya yi wa Tsigi tsawo."

Manaja ya shafa kansa bai sani ba, ya yi saurin sauke hannun.

"Kin ji ko, Yaya? Yanzu kuma ni ne ƙazamin."

"Kai, bar ni da ita," in ji Yaya Babba. Ta juyo. "Yarinya, ki iya bakinki. Namijin da ya fita tun safe yana nema muku, shi za ki ɗora wa? Yaro ba inda ba ya hawa. Mu da muka yi raino kafin a haife ki, kina tsammanin da addu'a muke shara? Ɗankwali za ki samu mai laushi, ki ɗaura mata a ƙafa, ki ɗaure a ƙafar gado, ki ba ta abin wasa. Ki gama aikinki ki kwance ta. Shi kansa wannan da kike gani haka na yi masa, ga shi nan ya zama manaja."

Maman Tsigi ta rantse a ranta ba za ta yi ba. Ta yi mako guda ba ta yi ba. Sai ranar da Manaja ya kira ya ce ga shi nan tafe da baƙi, ita kuma tana tsaka da wanke fo, Tsigi ta sulale ta nufi falo da ayaba a hannu. Da ƙyar ta kamo ta a bakin kafet. Ta warware ɗankwalin kanta. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, har tana miƙo ɗaya ƙafar. Sai da ta tashi za ta bi uwarta abin ya fizgo ta ta faɗi zaune, sannan ta gane. Kukan da ta yi ranar, uwar da nata hawayen ta goge gilashin tebur.

Baƙin suka zo suka yaba. Wata daga cikinsu ta ce, "Kai, gida kamar ba yaro a ciki!" Manaja ya yi dariyar jin daɗi, ya ce ai shi mutum ne mai tsari. A cikin ɗaki Maman Tsigi na rungume da 'yarta, ta kunna mata waya ƙasa-ƙasa don kada a ji motsinsu.

Abin da aka yi sau ɗaya don dole, sai ya zama na kullum. Da safe a ɗaure ta a yi shara, da rana a ɗaure ta a yi wanki. Tsigi ta daina cewa "Aiki." Surutun nata ma gaba ɗaya ya ragu. Sai ta zauna tana tsotsar yatsa tana bin uwarta da ido.

Duk da haka tabon saman kujera bai daina dawowa ba. A goge shi ranar Litinin, kafin wata Litinin ya sake fitowa. Manaja bai ƙara yarda a yi zancen rini ba. Maimakon haka ya kira kafinta ya sa sakata da kwaɗo a ƙofar da ke tsakanin falo da cikin gida, ta ɓangaren falon. Ta riƙa gyara falon da sassafe a gabansa, in zai fita ya kulle ya jefa makulli a aljihu.

"Baban Tsigi, ƙofar fita fa ta falon take. In wani abu ya faru fa?"

"Me zai faru? Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ga waya a hannunki, shago ba nisa. Ko dai akwai inda kike son zuwa ne da ban sani ba?"

Duk maganar da ta fito daga bakinta a kwanakin nan, sai ta dawo mata a matsayin tuhuma. In ya kira ta ɗauka da wuri, ya ce ashe wayar na hannunta, da wa take hira. In ta yi jinkiri, ya ce barci take. In ya dawo ya tarar gida fes, ya ce yau kuma me aka ɓata ake rufewa.

Ciniki ya buɗe, sai mai shagon ya ƙaro kaya. Aka fitar da tsohon gadonsu aka kafa wani mai sheƙi da madubi da durowa, shi ma na talla. Su kuma katifa suke shimfiɗawa a ƙasa, da safe a naɗe a tura bayan ƙofa, a ja ɗakin a rufe. Abin da ya rage wa uwa da 'ya shi ne kicin, da banɗaki, da ɗan siririn lungun da ya haɗa su. Nan suke yini. Ƙafar gado ta haramta, sai ɗankwali ya koma ƙafar ɗan teburin kicin.

Sau ɗaya ta kai ƙara. Yaya Babba ta zo, Maman Tsigi ta tare ta a lungu ta ce abin ya yi mata yawa, yarinyar ba ta ganin rana, ba ta ganin yara 'yan'uwanta.

"Haƙuri za ki yi, Amarya. Na ɗan lokaci ne, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Mata nawa ne ke neman irin gidan nan ba su samu ba? Ke an kulle ki cikin daula kina ƙorafi."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya kira. Wata babbar mai saye ce za ta zo da la'asar, mace mai ido, har kicin da banɗaki take leƙawa in ta shiga gida.

"Bangon kicin ɗin nan na ga maiƙo a jikinsa. Ki wanke shi tas. Kuma kar ki yi girki mai ƙauri, ku sha shayi."

Maiƙon tayil ba ya fita sai da ruwan zafi. Ta dafa babbar tukunya, ta sauke. Ta duba ƙasa, ta ga Tsigi za ta iya kaiwa, sai ta ɗora a kan tebur, can tsakiya, inda hannun yaro ba ya isa. Ta juya tana neman garin sabulu, wayar ta sake ƙara a lungu inda ta sa ta caji. Shi ne. Ta san abin da jinkiri ke jawowa, ta ruga.

"Me kike yi ne sai yanzu?"

"Aikin da ka ce ne nake..."

Tsigi ta ga uwarta ta fita, ta miƙe za ta bi ta. Ɗankwali ya riƙe, ta ja da iya ƙarfinta. Tebur ɗin ba nauyi gare shi ba.

Maman Tsigi ba ta san lokacin da ta yar da wayar ba. Ta tarar da yarinyar a cikin ruwa mai tururi, tana ta fizgar ƙafa ba hanyar gudu. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa, da wuƙa ta yanke shi. Ta kai ta ƙarƙashin famfo ta sakar mata ruwan sanyi a kafaɗa da hannu, tana kiran sunan Allah, tana kiran uwarta da ke wani gari. Ta lalubo wayar ta kira Manaja. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka katse. Yana tare da masu saye.

Ta leƙa tagar kicin ta ƙwala ihu. Muryar da ta amsa daga ƙasa ta matar direba ce.

"Maman Tsigi! Lafiya? Buɗe, ga ni nan hawowa!"

"A kulle muke!"

Ta kwantar da yarinyar a kan jiƙaƙƙen tawul, ta ɗauko taɓarya. Ba ta san tana da irin wannan ƙarfin ba. Ta yi ta dukan ƙofar har katakon ya tsage, sakatar ta fita da ƙusoshinta. Ta sunkuci 'yarta ta keta ta tsakiyar farin kafet, ruwa na ɗiga, ƙafarta da tsagin katako ya yanka tana barin jini a kowane taku. Makullin ƙofar waje na cikin jakarta. Tana buɗewa ta ga matar direba da mayafi a hannu, tela kuma ya riga ya sauka titi yana tsayar da tasi.

A asibiti aka karɓi yarinyar da gaggawa. Ƙunar ta kama kafaɗa da hannun dama har gwiwar hannu, Allah ya tsare fuska. Bayan an gama naɗe ta, wata nas mai furfura a goshi ta ɗaga ƙafar Tsigi, ta ga guntun ƙyallen da ya rage, ta ga zoben da ya yi baƙi a idon sawu, wanda ba na yau ba ne. Ta dubi uwar daga sama har ƙasa.

"Ke ce kika haife ta?"

"Ni ce."

"Kin tabbata? Ba riƙo ba ne?"

Maman Tsigi ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta ji nas ɗin tana gaya wa abokiyar aikinta ƙasa-ƙasa cewa kada a bar matar nan ita kaɗai da yarinyar.

Da la'asar sakaliya Manaja ya iso tare da Yaya Babba. Da ya ga 'yarsa a naɗe da bandeji, ya dafa ƙarfen gado ya yi kuka na gaske, yana cewa, "Tsigina, Tsigina." Har matarsa ta ji tausayin sa. Amma yana share ido ya juyo gare ta.

"Me kike yi har haka ta faru?"

"Wayarka na je ɗauka."

"Ni na ce ki ɗora tafasasshen ruwa a kan yarinya? Na ce ki wanke bango, ban ce ki dafa mini 'ya ba. Kuma da kin ƙara kira sau ɗaya ai da na ɗauka. Kin ga abin da kika yi wa ƙofa? Kafet ɗin nan ya tashi aiki. Mai sayen nan a bakin gida na mayar da ita."

Nas ɗin ta matso. "Malam, kai ne uban? Ka san ana ɗaure yarinyar nan?"

"Ɗaurewa?" Ya ware ido. "Ni fita nake tun safe. Abin da ake yi a bayana Allah kaɗai ya sani."

"Yaya ce ta ce in riƙa yi," in ji Maman Tsigi a hankali. "A gabanka."

Yaya Babba ta dafe ƙirji. "Ni? La ilaha illallahu! Yarinyar nan za ta ja mini sharri ina zaman zamana." Ta ga ba wanda ya tanka, sai ta gyara mayafi. "Ko da na faɗa, ai ƙafar gado na ce. Na ce tebur? Na ce kusa da wuta? Mai hankali ake ba shawara."

Washegari da rana suka dawo da kayan dubiya. Tsigi ta ɗan farfaɗo, uwar na ba ta madara a kofi. Yarinyar ta kai hannun hagu za ta riƙe da kanta, kofin ya kuɓuce, madara ta malale a kan farin zanen gadon asibiti. Ba wanda ya yi mata tsawa. Amma ta dubi jiƙaƙƙen wurin, ta dubi ubanta. Sannan a hankali ta zaro ƙafarta daga cikin bargo ta miƙa wa uwarta, ta kawar da kai tana jira.

Nas ɗin da ke gyara ƙarin ruwa ta tsaya cak. Manaja ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Maman Tsigi ta kama 'yar ƙafar da hannu biyu ta kifa fuskarta a kai. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi.

Yaya Babba ce ta fara magana. Ta ce dama sun yi shawara da ƙanenta. Tunda ta tabbata Amarya ba za ta iya haɗa raino da kula da gida ba, in an sallami yarinyar ita za ta tafi da ita ta riƙe. Amarya ta koma ɗakinta ta ji da tsafta, a gyara ƙofa, ciniki ya ci gaba. In yarinya ta yi wayo a dawo da ita.

"Hakan ya fi," in ji Manaja. "Don lafiyarta ne."

Maman Tsigi ta ɗago. Ta juya wajen nas ɗin, ba wajensu ba.

"Sista, jiya kin tambaye ni na kasa ba ki amsa. Ni na haife ta, kuma ni na ɗaure ta, da hannuna, ba sau ɗaya ba. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Amma ki tambayi wannan bawan Allah inda makullin ƙofarmu yake lokacin da 'yarsa ke ƙonewa."

Nas ɗin ta dube shi. Hannunsa ya kai kan aljihu da kansa.

"Maganar gida ce wannan," ya ce. "Ba a nan za a yi ta ba."

"A gidan ma ba a taɓa bari na yi ta ba. Yaya, ki yi haƙuri, 'yata ba inda za ta. Kai kuma ka riƙe falonka, Allah ya kawo kasuwa."

Da aka sallame su ba ta koma benen ba. Matar direba ce ta haɗo mata 'yan kayanta a jaka, ta raka ta gidan yayarta mai ɗinki, ɗaki biyu a ƙarshen wani layi, da yara cike da tsakar gida.

Manaja ya turo kawunsa biko, dattijo mai sanyin magana. Ya ce yaron ya yi nadama, ya cire kwaɗon da hannunsa, ya ma daina cin abinci sosai. Ta saurare shi da ladabi har ya gama.

"Kawu, kayan tallan fa? An kwashe?"

Dattijon ya yi gyaran murya. "To, kin san su ne abincinku."

"In mun koma, a ina Tsigi za ta riƙa yini?"

Ya juya hularsa a hannu, ya ce wannan bai tambaya ba, amma zai je ya ji. Har yau bai dawo da amsa ba.

A unguwar kuwa an riga an yanke hukunci. In an zauna hira, sunanta matar nan da ta ƙona 'yarta tana latsa waya. Wasu su ce dama ba ta gaisuwa, mutum in ya cika rufe ƙofa akwai abin da yake ɓoyewa. Wasu su ce miji ya yi mata gata ta butulce. Matar direba ta yi ta bayani har ta gaji, don labarin muguwar uwa ya fi daɗin ji a baki. Shi kuwa Manaja tausayin sa ake ji, mutum mai tsafta da neman na kansa, Allah ya haɗa shi da sakarar mace.

Maman Tsigi tana jin duk wannan, ba ta bi kowa da gyara ba. Da safe takan zauna a bakin ƙofar yayarta ta shafa wa yarinyar magani a hannu, tana miƙar mata da gwiwar a hankali kamar yadda aka koya mata, don kada fatar ta ɗaure. Tsigi na kuka, ita tana ba ta haƙuri. Likita ya ce hannun zai miƙe in an dage. Maganar da ta ɗauke ce ya ce ba shi da maganinta, sai dai a bar ta cikin yara, a yi ta yi mata hira, a jira.